Liƙin Banɗakin Karafan

Shekarar da Inna ta zo Alƙahira aka yi mata aikin gwiwa, a karafan muke zaune, a saman wani dogon bene a Ainu Shams. Karafan ɗaki ne na ƙarfe da katako da roba, irin wanda ake girke wa injiniyoyi a wurin gini, in an gama aiki a ɗauke shi da mota. Mai ginin ya sayi nasa a hannun wani ɗan kwangila, ya sa aka ɗaga shi aka ɗora a kan rufi, ya ja masa ruwa da wuta, ya ce ga gidan haya. Ɗaki ɗaya ne da 'yar kusurwar girki, sai banɗakin da in ka miƙa hannuwa za ka taɓa bango biyu. Ni da maigidana duk ɗalibai ne, shi yana rubuta digiri na uku a fiƙihu, ni ina na biyu a nahawu, ba mu da halin abin da ya fi wannan. Kuma ina son wurin. Iska tana kai mu, ba mai leƙa mu, ba mai buga mana ƙafa a kan ka.

Da Inna ta iso sai Malam, haka nake kiran maigidana, ya tattara 'yan littattafansa ya koma ɗakin abokansa a Abbasiya. Ba zai kwana ɗaki ɗaya da surukarsa ba, ko abinci ma ba ya iya ci a gabanta. Yakan zo ya gaishe ta daga bakin ƙofa, ya ajiye cefane, ya juya. Saboda haka duk abin da ya biyo baya a kaina ya sauka.

Wurin wankan kasko ne na farar roba da ake tsayawa a ciki, bangonsa ma falle-fallen roba ne masu santsi, an haɗa kusurwoyinsu da siririn alminiyam. Inda kaskon ya haɗu da bango akwai tsohon abin liƙi da ya yi baƙi yana ɓarewa. Tun kafin zuwan Inna na lura katakon da ke bakin ƙofar banɗakin ya fara laushi, in ka taka sai ya lotsa kamar burodi. Na gaya wa mai ginin ba sau ɗaya ba. Kullum amsarsa gobe, in Allah ya so.

Da aka sallamo Inna, likita ya ce za ta iya wanka a zaune in an rufe ciwon da leda. Na sa kujerar roba a cikin kaskon, ina zaunar da ita, ina cuɗa mata baya. Inna mace ce mai jiki, kuma mai son ruwa. A gida sau biyu take wanka ko da sanyi ake yi. Ga shi lokacin zafi ne, karafan kuwa da rana tanda ce. Wannan wankan shi ne kaɗai abin da ke sa ta saki fuska a yini.

Wata safiya mai ginin ya hauro, da matar da ke zaune a hawan da ke ƙasanmu tana biye da shi. Bai yi sallama ba. Ya ce silin ɗin ɗakin kwananta ya jiƙe, fenti yana zubowa, kuma daga wurinmu ne. Matar ta leƙa ta ga Inna a kwance da ƙafa a kan filo, ta ce ai dama, mutanen can ƙasashenmu sun saba wanka a bakin kogi, ba su san ruwan famfo yana da iyaka ba. Shi kuma ya ƙara da cewa bai taɓa jin ƙorafi ba sai da muka ƙaro mutum.

Na kai shi banɗakin, na nuna masa tsagar, na tuna masa tun yaushe nake gaya masa. Ya ce bai tuna ba. Da la'asar ya turo wani mutum da farin siminti a cikin leda, ya kwaɓa ya cusa a tsagar da yatsa, ya tafi. Karafan ba gini ba ne. Da rana ƙarfensa yana buɗewa, da sanyin safiya ya tsuke, in ka taka ƙasansa yana motsi. Ba a jima ba simintin ya tsage, ya fara fitowa gutsure-gutsure yana sukar mu a tafin ƙafa.

Da na kira mai ginin na gaya masa, sai ya ce shi ya yi nasa, mu muka fasa. Ya hauro da kansa ya rufe makunnin ruwan da ke shiga karafan, ya sa masa kwaɗo. Ya ce ga famfo can waje kusa da tanki, mu riƙa ɗiba a bokiti don girki da alwala da bayan gida, amma wanka kam babu sai mun gyara abin da muka ɓata.

Har yau in na tuna wannan kwaɗon raina yana ɓaci. Tsohuwa baƙuwa, da ɗinki a gwiwa, ba ta iya sauka ko matakala ɗaya sai an riƙe ta, a rufe mata ruwa a tsakiyar zafi. Na koma goge mata jiki da tawul da ruwan kwano kamar jaririya.  In ta zo yin salla sai in ga tana shinshina hannun rigarta.

Na kira Malam a waya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce ma'alish, wato in yi haƙuri. Ya ce iƙamarmu, wato izinin zama a ƙasar, ta kusa ƙarewa, sabunta ta kuwa sai da takardar haya, kuma mutumin nan ne zai sa hannu. In muka yi faɗa da shi ina za mu kai Inna a wannan hali? Na san gaskiya ya faɗa. Sanin hakan bai hana ni kashe wayar ba tun bai rufe baki ba. Ban taɓa tsanar kalma kamar yadda na tsani ma'alish a waɗannan kwanaki ba. Wanda ya taka ka a jirgin ƙasa ita zai faɗa, wanda ya zalunce ka ita zai faɗa, yanzu kuma mijina ya ɗauko ta yana miƙo mini.

Na ce to, ni zan gyara. A bakin layinmu akwai shagon kayan fenti da famfo. Na je na yi wa mai shagon bayani cewa ina son abin da zai liƙe tsaga tsakanin kaskon wanka da bango. A lokacin Larabcin titi bai zauna a bakina ba, in na ƙagu sai na littafi ya fito, da wasullansa cif. Mutumin ya bari har na kai aya, sannan ya ɗaga hannuwa sama ya ce, “Sadaƙallahul azim,” kamar wanda aka gama yi wa karatun Alƙur'ani. Mutanen da ke zaune a shagon suka fashe da dariya. Ya miƙa hannu bayansa ba tare da ya duba ba, ya ciro wani farin bututu, ya haɗa mini da bindigar da ake matsa shi, ya ce wannan tamam ne.

Na zo na cire simintin, na matsa abin a tsagar, ya yi fari tas, gwanin kyau. Na bar shi ya kwana. Washegari na ɗebo ruwa a bokiti na zuba don gwaji, sai na ga farin ruwa yana gangarowa kamar an wanke ƙwaryar koko. Na sa yatsa, abin ya biyo yatsana. Sai a lokacin na juya bututun na karanta ƙananan rubutun da ke bayansa. Na cike tsagar bango ne kafin a yi fenti, an ma rubuta kada ruwa ya zauna a kansa.

Na koma shagon da bututun a hannu. Ya ce ai ban ce masa wurin ruwa ba ne. Na tambaye shi a wane gari ake wanka ba ruwa. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce abin da aka buɗe ba a mayarwa, ya juya ga wani mai sayen ƙusa. Na ajiye masa bututun a kan teburinsa na fito. 

Wannan karon ban yi gaggawa ba. Na zauna da waya na karanta abin da zan iya karantawa, na kalli yadda ake yi, na ɗauki hoton kaskon da bangon da kusurwar alminiyam. Na gutsuro wani ɗan fallen roba da ya riga ya ɓalle a bayan ƙofa na sa a jaka. Da safe na bar wa Inna ruwa da magani kusa da hannunta, na hau jirgin ƙasa, na canza, na sauka Abbasiya, inda Malam ya ce ya ga wani babban shagon kayan gini.

A can bututun sun cika kanta guda, kusan duk kamarsu ɗaya, duk an rubuta silikon. Na tsaya ina ɗauka ina karantawa ina mayarwa. Akwai wanda in yana bushewa yake warin kal, ruwan tsamin nan, shi ne ya fi yawa kuma ya fi araha, yana kama gilashi da tayil, amma an ce yana cin wasu ƙarafa kuma ba ya riƙe kowace irin roba. Akwai wanda ba shi da wannan warin, an rubuta yana kama roba da alminiyam, yana miƙewa yana dawowa in wuri ya motsa. A cikin irinsa ma akwai na waje, na taga da rufi, akwai kuma na banɗaki mai maganin fumfuna. Can gefe ga wani mai ƙarfin gaske da ake haɗa jikin mota da shi, wanda in ya kama ya kama ke nan. Na ɗan yi sha'awarsa saboda haushi, ina son abin da ba zai sake buɗewa ba har abada. Amma na tuna wahalar da na sha wajen ƙwaƙule siminti, na ce duk abin da ba ya cirowa wata rana zai zama bala'i ga wanda zai gyara, kuma mai yiwuwa ni ce.

Wani ma'aikacin shagon ya gaji da ganina a tsaye, ya zo ya tambayi abin da nake nema. Na nuna masa hoto da gutsuren robar. Ko kallonsu bai yi ba. Ya ɗauko mai warin kal ya sa mini a hannu, ya ce in ɗauki wannan, ya ishe mu. Na ce an rubuta ba ya riƙe irin wannan robar. Ya yi murmushi irin na mai lallashin yaro.

“Ke ɗaliba ce, ko? Shekara ɗaya, biyu, kin koma ƙasarku. Me ya dame ki da wanda zai daɗe?”

Na ce masa, “Mahaifiyata ce za ta yi wanka a ciki gobe. Ba ni wancan.”

Ya ba ni, yana girgiza kai. Na ɗauki mara warin, na banɗaki, fari. Na haɗa da salatif na takarda da reza da ƙaramar kwalbar sifirit. A hanyar dawowa ina riƙe da ledar a ƙirji cikin cunkoson mata, ina ta juya maganarsa. Wato tunda baƙi ne mu, komai namu na wucin gadi ne, har tsabtar jikinmu. A ba mu ɗakin da ake ɗaukewa da mota, a ba mu abin liƙin da zai ɓare, in ya ɓare a ce mu muka ɓata.

Aikin ya ci yini biyu, mafi yawansa kankarewa ce. Na durƙusa a cikin kaskon da reza ina cire ragowar siminti da farin abin nan da tsohon baƙin da ke ƙarƙashinsu, har gwiwoyina suka yi kanta. Inna ta sa na jawo mata kujera bakin ƙofa, ta zauna tana ba da umarni. Ita ce ke yi wa ɗakinta yaɓe da hannunta kafin kowace damina, saboda haka a ganinta wannan fanninta ne. Da na goge da sifirit na ɗauko bindiga, sai ta ce in ajiye. Ta sa na tura tsinke cikin tsagar, ya fito da danshi. Ta ce ko ƙasa ba ta kama bango mai laima, balle wannan abin na Turawa. Na kunna fanka na saita ta a kan tsagar, muka bar ta har washegari.

Da ya bushe na manna salatif sama da ƙasa, na jera bokitai cike da ruwa a cikin kaskon don ya nutsa kamar yadda yake nutsawa in an zauna a ciki, tsagar ta buɗe iyakar buɗewarta. Sannan na ja silikon ɗin a hankali daga kusurwa zuwa kusurwa, na bi shi da yatsa mai ruwan sabulu, na cire salatif tun bai kama ba. Layin bai miƙe sosai ba, a kusurwar hagu ya yi tudu. Inna ta ce ba kyau ake nema ba. Muka bar shi ya kwana ya yini. Da na zuba ruwan gwaji, ruwan ya bi ta kansa ya wuce rariya, na shimfiɗa takarda a bakin ƙofa ta tashi a bushe.

Na sauka da murnata na sami mai ginin a shagonsa da ke ƙasan benen, na ce ya zo ya gani ya buɗe mana ruwa. Ya ce ba zai buɗe ba. Wai matar ƙasa ta kira shi, jiƙar silin ɗin ta ƙaru, har ta kai kan kabad. Na ce to ai wannan ya nuna ba daga wurinmu ba ne, tunda ruwanmu a rufe yake tun ran da ya sa kwaɗo. Ya dube ni ya ce a'a, wannan ya nuna muna wanka da bokiti a ɓoye.

Ban san lokacin da na hau saman ba. Na zauna a bakin gado. Duk hanyar da gaskiya za ta bi ta fito, mutumin nan ya riga ya tsaya a bakinta. In ruwa ya zuba muna da famfo, mu ne. In ya zuba ba mu da famfo, mu ne dai.

Inna ce ta gano abin. Likita ya ce ta riƙa ɗan takawa, saboda haka kowace safiya nakan fito da ita da ƙarfen dogarawa ta zaga rufin, sannan ta zauna a inuwar tanki. Ran nan ta kira ni ta ce in duba, kullum tattabarun maƙwabta a wuri ɗaya suke sauka, a lungun da ke tsakanin tankin da bayan karafan, kuma tana ganin suna ɗaga kai kamar masu shan ruwa. Na matsa da ƙyar na leƙa. Wurin ya yi kore da gansakuka. Ina tsaye aka kunna injin da ke turo ruwa daga ƙasa, tankin ya cika, bai tsaya ba. Ruwa ya riƙa malalowa ta bayansa, yana bin bango shiru, yana shigewa ƙarƙashin karafan inda simintin rufin ya tsage. Ƙwallon da ke rufe ruwa in tanki ya cika ne ya lalace. Tankin mai ginin, injin mai ginin, rufin mai ginin.

Na ɗauki hoton bidiyo, na sauka na buga ƙofar matar nan, na ce ta biyo ni. Na kira mai ginin ma. Na kira Malam na ce ko yana gaban malaminsa ne ya taso. Suka tsaya su uku suna kallon ruwan yana zuba. Matar ta dafe ƙirji ta juya kan mai ginin da masifa, ta manta da ni gaba ɗaya, kamar ba ita ta yi maganar kogi ba. Shi kuwa ya leƙa, ya taɓa, ya ce abu ne mai sauƙi, yau za a canza. Ya ciro makulli ya buɗe kwaɗon, ya ce khalas, alhamdu lillahi, an gano. Ya nufi matakala.

Na sha gabansa. Malam ya kira ni a hankali, ban waiwaya ba. Wannan karon Larabcin titi ne ya fito, ban san ma ina da shi haka ba. Na ce masa ba a gama ba. Na nuna masa Inna a kan kujerarta, na ce ga wadda ya hana wanka, ga wadda ya ce tana satar ruwa a ɓoye, ita zai gaya wa. Ya dubi Malam yana jiran ya tsawata wa matarsa. Malam ya sunkuyar da kai, amma bai ce ma'alish ba, ya matso ya tsaya kusa da ni. Wannan kaɗai ya yi, kuma na riƙe masa shi.

Mutumin ya ɗan juya wajen Inna, ba tare da ya haɗa ido da ita ba, ya ce haƙƙinta yana wuyansa, ya hajja, irin ban haƙurinsu ke nan. Da sauri ya faɗa, kamar mai tofar da ƙwallon dabino. Inna ba ta jin Larabci sai na salla, ta tambaye ni me ya ce. Na fassara mata daidai, ban ƙara masa ko ɗigon ladabin da bai sa ba.

Ta ce, “Gaya masa na ji. Ki ce kuma ya matsa, yana tare mini hanya.”

Na gaya masa duka biyun. Ya matsa. Ta miƙe a kan ƙarfenta, ta taka a hankali ta wuce ta gabansu, ta shiga karafan. Na bi ta na rufe ƙofa. Sai da na bar famfon ya zubar da jan ruwan da ya kwana a bututu kafin na zaunar da ita. Ta daɗe a ƙarƙashin ruwan, idonta a rufe, ta hana ni kashewa. Da na ce Inna ya isa haka kada ledar ciwon ta jiƙe, sai ta ce in ƙara mata sabulu a baya, ɓangaren dama, can ƙasa da kafaɗa.